Ciwon Sukari a Garin Yuraniyom: Darasi Daga Tarihin Asibitin Akokan

Ranar 31 ga Maris 2021 kamfanin COMINAK ya tsayar da haƙar yuraniyom a ramin Akouta, bayan ya shafe shekara 43 yana fito da shi daga zurfin mita kusan 250 a ƙarƙashin hamada. A lokacin an yi lissafi iri-iri. Ramin ya ba da tan kusan 75,000 na yuraniyom, ya bar tsibin ragowar dutsen da aka tace mai nauyin tan miliyan 20 a gefen garin Akokan, ma'aikata wajen 600 aiki ya ƙare musu, ban da ɗaruruwan leburori da ke ƙarƙashin 'yan kwangila. Lissafin da ya kamata ya sha gaban waɗannan duka shi ne na jikin mutanen da suka tsufa a wannan aiki, su da iyalinsu: wane ciwo suka fita da shi, kuma wa zai riƙe musu magani bayan an rufe ƙofa. A ganina, likitancin da aka yi a Akokan ya ceci rayuka masu yawa, amma an aza shi a kan albashi da tsawon ran rami, kuma ba a haɗa shi da bincike mai zaman kansa da zai bi mutane har tsufansu ba. Babu ciwon da ke tona wannan giɓi kamar ciwon sukari, domin shi ba ya ƙarewa ranar da kwangila ta ƙare.

Sai an san yadda garin ya samu kafin a fahimci asibitinsa. A 1957 masu binciken ƙasa na Faransa da ke neman jan ƙarfe suka ci karo da yuraniyom a Azelik, arewa maso yammacin Agadas. Hukumar makamashin nukiliya ta Faransa ta ɗauki zancen, ta bi gefen tsaunukan Abzin ta yamma har ta gano manyan wurare a shekarun 1960, ciki har da Akouta a 1967. Aka kafa kamfanin haƙa na SOMAIR a 1968, garin Arlit ya tashi a 1969, kaya suka fara fita a 1971. COMINAK ya biyo baya a 1974, ya fara fitar da nasa a 1978, da hannun jari kashi 34 na Faransa, 31 na Nijar, 25 na Japan, 10 na Sifaniya. Akokan, da ke 'yan kilomita kaɗan daga Arlit, an zana shi a takarda kafin a aza tubali: unguwar manya daban, ta masu matsakaicin muƙami daban, ta ƙananan ma'aikata daban. Ruwa daga rijiyoyi masu zurfi, wuta daga kwal ɗin SONICHAR, abinci ta hanyar kwalta da ta taso daga Tawa. Mutane suka yo ca daga Adar da Gobir da Damagaram da ƙasar Zabarmawa, Abzinawan da farin 1973 da na 1984 suka raba da dabbobinsu suka kafa bukkoki a gefen gari, har aka riƙa yi wa Arlit kirari da Paris ta biyu. A garin da kamfani ya gina komai, asibiti ma wani sashe ne na aikin haƙa.

Adalci ne a faɗi cewa asibitocin biyu, na SOMAIR a Arlit da na COMINAK a Akokan, sun yi aikin da aka gina su dominsa. An tsara su ne saboda samari majiya ƙarfi masu aiki mai haɗari: karaya, ƙuna, raunin injin, zazzaɓi, haihuwar matansu, rigakafin 'ya'yansu, da awon shekara-shekara da ke tabbatar da cewa mutum zai iya sauka rami. Suna da ɗakin tiyata da na awon jini da na ɗaukar hoto a zamanin da yawancin karkarar Nijar ke dogaro da majo guda da ɗan ɗakin shan magani. Ma'aikaci da iyalinsa ba sa biyan ko dala, kuma ba a rufe ƙofa ga sauran mutanen gari da makiyaya ba. Sai dai likitancin da ya ƙware a kan ciwon da ke zuwa yau ya wuce jibi daban yake da wanda ciwon sukari ke bukata, kuma da shekaru suka tura, cututtukan garin sun riga tsarin sauyawa.

Dalilin sauyin a fili yake ga wanda ya dubi shekaru ya kuma dubi kwano. Saurayin da aka ɗauka aiki yana ɗan shekara 25 a 1978 ya kai 68 ranar da aka rufe ramin. Ya baro gidan da ake cin tuwon gero da fura da nono, ake yini a gona ko a bayan raƙuma, ya zo inda albashi ke sayen shinkafa da taliya da burodi da mai da madarar gwangwani, mota ke kai shi bakin aiki, injin ke yin abin da dantse ke yi a da, aikin dare kuma ke hargitsa masa barci da lokacin cin abinci. Ga shayi, wanda a Abzin ba a raba shi da zama: 'yar buta a kan gawayi, ganye ya tafasa, a zuba sukari da sakakken hannu, a ɗaga buta sama a tsiyaya har kumfa ta hau kofi, a sha na fari da na biyu da na uku, a sake ɗorawa bayan la'asar, a kuma bayan isha. Makiyayin da ke yini a ƙafa jikinsa na ƙone wannan sukari, direban babbar mota ko mai gadin ƙofa kuwa nasa tarawa yake. Akwai kuma abin da masu bincike Hales da Barker na Ingila suka bayyana a 1992, cewa jaririn da ya sha yunwa a ciki ko a farkon rayuwa, in ya girma ya sami wadata, ya fi saurin kamuwa da ciwon sukari, kuma bibiyar waɗanda aka haifa cikin yunwar Holan ta 1944 zuwa 1945 ta ƙarfafa wannan. 'Ya'yan farin 1973 da na 1984 da suka girma a gefen Arlit da Akokan su ne magidantan yau masu shekara 40 zuwa 50 da ɗoriya.

Ciwon sukari irin na manya yana samuwa idan jiki ya daina jin insulin, sinadarin da ke shigar da sukari daga jini zuwa tsoka, sannan gaɓar da ke yin sa a bayan tumbi ta gaji. Mugun halinsa shi ne ɓuya. Mutum na iya yin shekaru da shi bai sani ba, sai ƙishirwa da yawan fitsari da rama, waɗanda a zafin Arlit kowa zai ɗora wa rana. Ƙungiyar ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ke da shi a yankin Afirka, fiye da rabinsu ba a gano su ba. A Nijar binciken STEPS na 2007 ya sami kashi 4.3 cikin ɗari na manya da ciwon sukari, kashi 21.2 da hawan jini. Gano shi ba wuya: a ɗebi jini da safe kafin karin kumallo, in ya kai giram 1.26 a lita har sau biyu, magana ta tabbata. Riƙe shi ne jan aiki. Ƙafar wanda ciwon ya daɗe a jikinsa ba ta jin zafi. Ƙaya ta huda takalmi, ko yashin rana ya ƙona tafin, mai ita bai sani ba sai ya ga ruwa na fita, gyambon da ba a wanke a kan kari ba kuwa cikin makonni yake kai ga yanke yatsa, wani lokaci ƙafar ɗungurungum. Haka ido ke dushewa, haka ƙoda ke lalacewa. Maganin ƙwaya ce kullum, irin metformin da likitan Faransa Jean Sterne ya fara ba marasa lafiya a 1957, ko allurar insulin, tare da awon jini da fitsari da duba ido da ƙafa, wata bayan wata, iyakar rai.

Abin da likitoci suka sani game da irin wannan ciwo ta hanya guda suka san shi: a ɗauki mutane sanannu, a rubuta halinsu tun farko, a bi su shekaru. Binciken UKPDS na Birtaniya ya fara a 1977, shekara guda kafin Akouta ya fara aiki, ya ɗauki shekara 20 yana bin mutum sama da 5,000, sannan a 1998 ya tabbatar da cewa sauke sukari da hawan jini na kare ido da ƙoda. A fannin yuraniyom ma haka aka yi. Faransa ta tattara sunayen mahaƙanta sama da 5,000 tun shekarun 1980, tana bin su har mutuwa, da haka ta auna yadda iskar radon ke ƙara sankarar huhu. Jamus ta yi wa mutum kusan 59,000 na kamfanin Wismut irin wannan bibiya. To a faɗin Sahel da wuya a sami wurin da ya dace da wannan aiki kamar Akokan na zamanin COMINAK: gari ne killatacce, kowane ma'aikaci na da lamba da fayil, ana auna shi duk shekara, ana kuma auna tururin nukiliyar da masu shiga rami ke sha, asibiti guda ke ganinsa shi da matarsa da 'ya'yansa. Kayan bincike sun taru, amma mahaƙan Nijar ba su sami irin bibiyar da takwarorinsu na Faransa suka samu ba. Fayil na kamfani ne, kuma ranar da mutum ya yi ritaya ya kwashi iyali ya koma Tawa ko Tasawa ko Tanut, labarinsa ya yanke. Masaniyar tarihi Gabrielle Hecht, a littafinta na 2012 kan yuraniyom ɗin Afirka, ta nuna yadda rashin rubuta ciwo ke sa a ɗauka babu shi.

Mutanen garin ne da kansu suka fara tambaya. A farkon shekarun 2000 Almoustapha Alhacen, ma'aikacin SOMAIR, ya kafa ƙungiyar Aghirin'man shi da abokansa, bayan sun ga abokan aiki na rasuwa da cututtukan da ba a yi musu bayani ba. A Disamba 2003 suka jawo cibiyar awon tururi ta CRIIRAD da ƙungiyar lauyoyi ta Sherpa daga Faransa. Rahotanninsu na 2005 sun ce tururin da ke ruwan wasu rijiyoyi ya wuce ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, ana sayar da tsofaffin ƙarafa masu tururi a kasuwa, Sherpa kuma ta yi zargin cewa asibitocin kamfani na kauce wa rubuta cututtukan da ke da nasaba da aiki. Areva, kamfanin Faransa mai hannun jari a SOMAIR da COMINAK, ta musanta. A 2007 aka auna tururi mai yawa a titi daura da asibitin Akokan kansa, saboda dutsen rami da aka yi ciko da shi, a Nuwamba 2009 kuma Greenpeace ta sami wurin da ya ninka na al'ada kusan sau 500 a titunan garin. Yarjejeniyar da Areva ta ƙulla da Sherpa da ƙungiyar likitoci ta Médecins du Monde a 2009 ta haifar da cibiyar sa ido kan lafiya ta jihar Agadas, OSRA, a ƙarshen 2011, don duba tsofaffin ma'aikata. Bayan shekara guda Sherpa ta janye, tana cewa ba a cika alkawari ba. Ko wane gefe mutum ya tsaya a wannan taƙaddama, abu guda ya fito fili: idan mai ba da aiki shi ne mai likita, shi ne kuma mai ajiye fayil, to ko gaskiya ya faɗa ba za a yarda ba. Rashin yarda kuwa illa ce babba ga mai ciwon da ya daɗe, domin wanda bai amince da likitansa ba ba ya riƙe magani.

Wani zai ce, me ya haɗa ciwon sukari da yuraniyom, tunda a Kano da Maraɗi ma ana fama da shi, inda babu rami ko ɗaya? Wannan magana tana da ƙarfi, bai kuma kamata a kauce mata ba. Babu tabbatacciyar hujja cewa haƙar yuraniyom na haddasa ciwon sukari. Abin da aka tabbatar shi ne radon na jawo sankarar huhu, ƙurar dutse kuma na taurara huhu. Haka nan maƙoƙon da ake gani a Sahel asalinsa ƙarancin aidin ne a abinci, sankarar maƙogwaro da ta yawaita ga yara bayan hatsarin Chernobyl na 1986 kuwa daga wani aidin mai tururi ta zo, wanda tashar nukiliya ke fitarwa, ba dutsen rami ba. Wanda ya ɗora wa yuraniyom kowane ciwo yana raunana ƙarar masu gaskiya. Amma akwai gaɓa guda inda biyun ke haɗuwa, ita ce ƙoda. Yuraniyom ƙarfe ne mai nauyi, gubarsa ta fi bayyana a ƙoda, inda yake ɓata 'yan bututun da fitsari ke bi, ciwon sukari da hawan jini su ma ƙodar suke ci, ta wajen matatarta. Da farko awon fitsari na iya bambanta su. In abu ya yi nisa, ƙafa ta kumbura, fitsari ya ragu, duk kamarsu ɗaya. Tsohon mahaƙin da ya iso asibiti a wannan hali da sukari a jininsa, amsa a shirye take: sukari ne ya ci ƙodar. Yana iya zama haka, yana iya zama abu biyu ne suka taru, kuma ba mai rabewa sai wanda ke riƙe da awon shekara 10 da suka wuce. Shi ya sa a ƙasar Navajo ta Amurka, inda aka bar tsofaffin ramuka sama da 500 kuma ciwon sukari ya yi katutu, masu bincike na jami'ar New Mexico suka haɗa tambayoyin biyu wuri guda tun farkon shekarun 2000. Kula da ciwon sukari da kyau a Akokan, da rubuta shi, ita ce hanyar da za ta wanke yuraniyom inda ba shi da laifi, ta kama shi inda yake da shi.

Wani kuma zai ce wannan butulci ne, kamfani ya yi sama da shekara 40 yana magani kyauta, abin da gwamnati ba ta iya ba. Godiya wajibi ce, amma ba ta amsa tambayar ba. Kyautar da ke tafiya da farashin ma'adinai tana raguwa ranar da farashi ya faɗi. An ga haka daga shekarun 1980, da kasuwar yuraniyom ta karye aka shiga rage ma'aikata, wanda aka sallama ya koma layin sauran talakawa. Layin kuwa tsada ya yi ta ƙarawa: tsarin Bamako na 1987 ya kawo biyan kuɗin magani a asibitocin gwamnati, karya darajar sefa a Janairu 1994 ta kusan ninka farashin duk abin da ake shigowa da shi, kyautar maganin da Nijar ta ayyana a 2006 kuma ta shafi yara 'yan ƙasa da shekara 5 da mata masu ciki, ba ta shafi dattijo mai allurar insulin ba. Da aka rufe COMINAK, tsarin da aka sanar ya ƙunshi miƙa asibitin ga gwamnati da ci gaba da ɗaukar nauyin lafiyar ma'aikata na wasu shekaru ƙayyadaddu. Ga karaya ko tiyata, wa'adi na da ma'ana. Ga mai ciwon sukari da ba shi da hali, cikar wa'adi ita ce ranar da zai fara tsallake magani, kuma ya san abin da ke biyo baya. Su kuwa leburorin 'yan kwangila, da suka shaƙi ƙura ɗaya da kowa, tun farko ba su sami cikakken rabo a wannan tsari ba.

A dubi abin da riƙe insulin ke nufi a wannan wuri. 'Yar kwalba ce da ake so ta zauna a sanyin digiri 2 zuwa 8 kafin a buɗe ta, a garin da zafin bazara ke kaiwa 45. A gidan kamfani, lokacin da rami ke aiki, akwai firji da wutar da ba a biya. A unguwar da ba wuta, dabara ita ce tukwane biyu, ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a naɗe kwalbar a leda, a rufe da tsumma mai laima, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Irin wannan tukunya ce Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Binciken da jami'ar Geneva da likitocin agaji na MSF suka fitar a 2021, bisa zafin sansanin Dagahaley na Kenya, ya nuna insulin na riƙe ƙarfinsa tsawon mako 4 a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Sai dai ɗakin kwano a Akokan cikin watan Mayu ya wuce nan, kuma ko tukunya ta wadatar a can, a can kaɗai za a gano, da ma'aunin zafi da littafin rubutu. Ga kuma nisa: Agadas kilomita wajen 240, Yamai kusan 1,200, kuma shekaru da dama asibitin Lamorde na Yamai ne kaɗai ke wankin ƙoda a ƙasar. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, takunkumi da rufe iyakar Benin sun toshe hanyar Kwatano da magunguna masu yawa ke bi, wanda ke ƙarshen hanya kuwa shi ke fara rasawa. Yaron da ke da irin ciwon sukarin da jiki ba ya yin insulin sam, 'yan kwanaki ba allura sun isa su kai shi suma.

Ƙorafi na uku na fifiko ne: ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da tamowa da mutuwar mata wajen haihuwa suka addaba, ina ta ga kuɗin bibiyar tsofaffi? Amsar ita ce jinkiri ne ke da tsada. Awon sukari da na hawan jini da ƙwayar metformin suna cikin mafi arahar kayan asibiti, yanke ƙafa da wankin ƙoda da makantar magidanci su ne ke talauta gida. Ba kuma sai an jira ƙwararren likita ba. Tsarin PEN da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010 an yi shi ne don ƙananan asibitoci, a Mali ƙungiyar Santé Diabète ta nuna tun shekarun 2000 cewa ana iya kai kulawar ciwon sukari garuruwan da ke nesa da Bamako, Nijar kanta kuma ta riƙe rajistar sankara a Yamai tun 1992. Akwai kuma masu ganin zance ya ƙare tunda gwamnati ta karɓe SOMAIR a Yuni 2025. A nan ma tarihi na gargaɗi. Nijar na da kashi 31 a COMINAK, tana cikin masu yanke shawara, don haka giɓin ba na Faransa kaɗai ba ne. Yanzu da ƙasa ta zama mai ba da aiki, matsalar mai aiki da ke riƙe da likita da fayil tana nan, hannu kawai ta sauya. Mallakar ma'adinai da ba ta haɗa da sanin abin da haƙarsu ta yi wa jikin 'yan ƙasa ba, ragaggiyar mallaka ce.

Abin da ya rage a yi sananne ne. Fayilolin asibitocin biyu da na awon tururi taska ce mai daraja: a adana su, a kwafe su a kwamfuta, a damƙa su ga hukumar da ba ta ƙarƙashin kowane kamfani, a kiyaye sirrin masu su, kowa kuma a ba shi kwafin nasa. A buɗe rajista guda ta tsofaffin ma'aikata, da leburorin kwangila, da matan da suka yi shekaru suna wanke tufafin aiki masu ƙura, da mazauna unguwannin gefe, a riƙa auna musu sukari da hawan jini da fitsari da huhu, a bi waɗanda suka koma kudu ta asibitocin garuruwansu. Binciken ya kasance a hannun jami'ar Abdou Moumouni da ta Agadas da cibiyar CERMES, a buga sakamako ko wa zai ɓata wa rai, a karanta shi da Hausa da Tamashek a rediyo. Tambayoyin ma na gida ne: yaya mai insulin zai yi da azumi a zafin Arlit, yaya za a rage sukarin shayi ba tare da an raba mutum da majalisarsa ba, yaya za a karanta awon HbA1c, mai nuna sukarin watanni biyu zuwa uku, ga masu sikila, tunda a jininsu yakan ba da amsar da ba daidai ba. Kuɗin kuwa ya fito daga inda ake fitar da na rufe tsibin Akouta, da kuma daga yuraniyom ɗin da ake ci gaba da haƙa, domin gyaran ƙasa da kula da waɗanda suka haƙe ta bashi ɗaya ne.

Aikin ba na jinkiri ba ne. Waɗanda suka fara sauka Akouta a 1978 sun doshi 70 ko sun haura, kuma duk wanda ya rasu ba a rubuta dalili ba ya tafi da amsar da 'ya'yansa ke bukata. A lokaci guda ana aikin buɗe sabon rami a Dasa, ana kuma maganar buɗe wani a Imouraren, za a sake ɗaukar samari a gina musu asibiti. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Ranar da aka ɗauki mutum aiki ita ce ranar da ya kamata a auna sukarinsa da ƙodarsa, a rubuta a rajistar da ba ta kamfani ba, a kuma sa cikin yarjejeniyar haƙa cewa maganin ciwon da ya daɗe zai bi shi har inda ya yi ritaya. Gwamnatin da ke ba da lasisi ce ke da ikon gindaya wannan sharaɗi, ƙungiyoyin ƙwadago da na tsofaffin ma'aikata na Arlit da Akokan kuma su ne ya kamata su tsaya kai da fata sai an rubuta shi.